Kuregen da Aka Bar Mini Amana

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Tun shigowar sanyi nake ɗaukar biro in ajiye, in sake ɗauka in sake ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina jin kunyar a ce mace mai shekaruna ta zo har Amurka, ta rasa abin da za ta rubuta wa jama'a sai zancen kurege. Ina kuma tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba, ya zama na yi ƙarya. Amma akwai rai a hannuna, kuma ban san halin da yake ciki ba. Wannan ne ya fi ƙarfin kunyata.

'Yata ce ta ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Kano bayan rasuwar mahaifinta. Muna zaune a Springfield ta jihar Virginia, a irin gidajen nan da ke manne da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Ita tana aikin ba da magani a wani asibiti, mijinta injiniya ne, jirgin ƙasa yake bi zuwa aiki. Da sassafe suke fita, sai bayan magariba in ji ƙarar mukulli. Duk tsawon yini ni kaɗai ce a gidan, daga ni sai ƙugin firji.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama wata tsohuwar Baturiya ce, ita ma ita kaɗai. A bayan kowane gida akwai ɗan dandamalin katako, to a nan muka saba. Ba na jin Turanci sai 'yan kalmomi, ita ko Hausa ba ta taɓa jin sunanta ba. Da hannu da murmushi muke gaisawa. Ran da na miƙa mata ƙosai ta saman shinge, ta ci ta yi ta fifita bakinta da hannu saboda yaji, washegari ta kawo mini wani burodi mai zaƙi. Daga nan ta fara yafito ni in shiga wurinta.

A falonta na fara ganinsa. Keji ne babba, ya kusa kai mini kafaɗa, da rassan itace a ciki, da ɗan akwatin katako mai rami, da wata taya da yake shiga yana gudu ba ya zuwa ko'ina. Su a nan cifmonk suke ce masa. Ni dai kurege na gani, sai dai bai kai namu girma ba, zai zauna a tafin hannu, kuma yana da zane-zane baƙaƙe da farare daga wuya har gindin wutsiya. Idan ya samu abinci sai ya cusa a kumatu har fuskarsa ta koma kamar mai ciwon hangum. A garinmu kurege abokin gaba ne, shi ke tone gyaɗa a gona, kuma ban taɓa jin wanda ya saka shi a ɗaki ya yi masa shimfiɗa ba. Amma wannan yana hawa hannun tsohuwar, ya shige aljihun rigar sanyinta ya leƙo.

Ita ta koya mini kukansa, ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba. Akwai irinsu na daji a bayan gidajenmu, suna da ramuka a ƙarƙashin shinge, to da su take yi mini misali. Wata rana kyanwar wani gida ta ratso ciyawa, sai ɗaya ya hau kututture ya fara wani siririn kuka mai kaifi, cip, cip, cip, kamar tsuntsu. Tsohuwar ta nuna mini kyanwar, ta tattaka yatsunta a kan tebur, ta yi kukan da bakinta. Na gane: abin tsoro a ƙasa. Sai ta buɗe hannuwanta biyu kamar fukafukai, ta nuna sama, ta yi wani kukan dabam da harshenta, mai kauri, kwat, kwat, kwat, kamar ana ƙwanƙwasa busasshiyar ƙwarya. Abin tsoro daga sama. Na uku kuwa gajere ne, kirrr, wanda yake yi idan an biyo shi yana shirin faɗawa rami. Ta sa ni na maimaita, muka yi ta dariya, tsofaffi biyu suna kukan kurege a bayan gida.

A tsakiyar lokacin zafi ta faɗi a matakalar gidanta. Ina wanke-wanke na ji jiniya, na leƙa na ga ana fito da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ƙugunta ne ya karye. Bayan 'yan kwanaki ɗanta ya zo daga wata jiha mai nisa, ya buga mana ƙofa da yamma. Ya daɗe yana magana da 'yata, ni ina tsaye a baya ina jiran fassara.

"Umma," in ji 'yata, "wai ba za ta dawo gidan ba. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi za a kai ta, kuma can ba a shiga da dabba. Wai ta ce a ba ki ɓeran nan."

"Ba ɓera ba ne."

"To, kuregen. Ta ce ke kaɗai ta yarda da ke. Ni dai ba ruwana, kin san ko kyankyaso na gani sai na hau kujera."

Tun muna yara a makarantar allo aka koya mana cewa duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta suna wuyansa, kuma za a tambaye shi. Ni da ko kaza ban taɓa iya kwana da ita a ɗaure ba. Na ce a tambayi ɗan tsohuwar ko za a iya sakin kuregen ya bi 'yan'uwansa na bayan gida. Surukina ne ya amsa, daga bakin ƙofar falo, don ba ya zama kusa da ni.

"Hajiya, ai ba irinsu ɗaya ba. Wannan asalinsa daga wata ƙasa ne, kuma a keji aka haife shi. Idan kika sake shi, kyanwa za ta yi kalaci da shi kafin la'asar."

Na dubi ɗan tsohuwar, ya gaji, idonsa ya yi ja. Na tuna yadda take saka yatsa tana shafa kan abin nan. Na ce a kawo.

Gidan namu yana da ɗaki a ƙasa, wanda ake sauka da matakala, mai babbar ƙofar gilashi da ke kallon bayan gida. A nan nake yini, a nan nake sallolin rana, don ya fi shiru. A can kusurwa aka ajiye kejin. Ɗan tsohuwar ya bar buhun abincinsa, haɗin tsaba iri-iri, ya ce a riƙa ƙara masa ɗan tuffa da ruwa mai kyau. Na riƙa canza ruwan safe da yamma, ina ɗanɗanawa da kaina kafin in zuba.

Kwanakin farko kuregen ɓuya kawai yake yi, na ce baƙunta ce. Da ya fara fitowa sai abin ya soma.

Na yi alwalar azahar, na shimfiɗa darduma, na saka hijabi, na tayar da kabbara. Sai na ji shi: kwat, kwat, kwat. Ya manne a jikin reshe, bai motsa ba, maƙogwaronsa kaɗai ke harbawa. Har na sallame bai daina ba. Na san wannan kukan. Abin tsoro daga sama. Na ɗaga kai na dubi silin, babu komai sai farin fenti da fitila a kashe. Na leƙa ta gilashi, sama fes, ko tsuntsu babu.

Da la'asar ya sake. Washegari ma haka, da azahar da la'asar. In ina shara ko ina tsinke alayyafo a gabansa, shiru. In na kunna karatu a waya, shiru. Sai na tsaya salla.

Ni mutum ce mai waswasi, ba zan ɓoye ba. Nakan sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. To ku duba abin da wannan kuka zai yi wa irina. A gida mun taso ana cewa dabbobi suna ganin abin da ɗan Adam ba ya gani. Sai na fara tambayar kaina, me yake gani a saman kaina idan na tsaya gaban Ubangiji? Wani abu ne ya biyo ni? Ko gidan ne ba lafiya? Ko kuwa lokacina ne ya matso, ake nuna wa wannan ɗan taliki abin da aka ɓoye mini? Ina karanta Fatiha ina jin kamar wani abu yana rataye dab da ƙeyata. Sau da yawa na rasa raka'a ta nawa nake.

Zan iya komawa sama in yi sallata, kuma na gwada. Amma sai zuciyata ta ce, in akwai wani abu a ɗakin, kin gudu kin bar amanar mutane da shi. Sai na dawo.

Shi kuma ya fara lalacewa a idona. Ya daina hawa tayarsa. Tuffar da nake yanka masa sai ta yi baƙi a inda na ajiye. Gashin wutsiyarsa ya fara zubewa, ƙasusuwan bayansa suka fito. Na riƙa zama nesa da kejin ina kallonsa ina cewa a raina, matar nan tana kwance da karyayyen ƙugu, ta zaɓe ni a cikin duk mutanen layin nan, ga abin da ya zama a hannuna.

Ban gaya wa 'yata ba. Tana dawowa a gajiye, ƙafafunta a kumbure, kuma na san abin da za ta ce: Umma, kin fara ko?

Wata ranar Alhamis na yanke shawarar yin abin da muke yi a gida idan ɗaki ya yi nauyi. Ina da turaren wuta da na zo da shi, da ɗan kasko, da irin gawayin nan da ake kunnawa da ashana. Na yi addu'o'in da na sani, na zuba turare, na fara zagaya ɗakin. Hayaƙi bai gama tashi ba sai wani abu ya tsala ihu daga silin, ƙara mai huda kunne, ba tsayawa. Wallahi a wannan lokacin na ɗauka abin da kuregen yake gani ne ya bayyana. Sai da na ga ɗan jan haske yana ƙiftawa na tuna da na'urar nan mai sanar da gobara, wadda surukina ya taɓa nuna mini. Na ja ƙofar gilashi, na fitar da kaskon waje, na yi ta kaɗa tawul har ta yi shiru. Da na juyo, kuregen yana ta zagaye kejin yana bugun ƙarfe da kansa, kirrr, kirrr, sannan ya faɗa akwatinsa. Ranar bai sake fitowa ba. Na zauna a kan matakala, na yi kuka mai isata.

Ina da ƙawa guda a ƙasar nan, mutuniyar Damagaram, mijinta yana aiki a gidan rediyo. A masallaci muka haɗu, kuma tun ranar farko ta kama ni da wasan da ke tsakaninsu da Kanawa. Ita na kira. Ta zo ranar Asabar, su 'yata sun tafi sayayya.

Ta tsaya a gaban kejin ta riƙe ƙugu. "To, Bakanuwa, wannan ne mai gidan? Wannan ko miya ba za ta ji shi ba. Ki ba ni shi in soya miki da yaji, ki huta."

"Ke dai ba ki da tsoron Allah. Amana ce."

"Ku Kanawa har kurege kun fara ajiya? Nawa za ki sayar in ya yi ƙiba?"

Na ba ta labari duka, har da turaren. Ta yi dariya har ta dafa bango, amma da ta dubi fuskata sai ta daina. Ta ce, "Bari la'asar ta yi, in gani da idona."

Lokaci ya yi. Ita da hijabinta a jiki ta zo, don haka ta yi alwala kawai ta tsaya a gefe. Kuregen ya ɗan fito yana shan ruwa. Na shimfiɗa darduma. Na ɗauko hijabina daga kan kujera, babba ne, ruwan toka mai duhu, har ƙasa. Na kama shi da hannu biyu, na kaɗe shi, na wurga shi sama ya buɗe don in zura kai, yadda na saba yi tun ina budurwa.

Kwat, kwat, kwat.

"Tsaya!" in ji ta. "Cire. Sake yi, ki dubi bango."

Na sake. Alƙibla a nan ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa, don haka in na tsaya ƙofar gilashin tana bayana, kuma rana ta nan take shigowa daga azahar zuwa yamma. Da na wurga hijabin, sai na ga wata ƙatuwar inuwa mai fukafukai biyu ta tashi daga ƙasa, ta haye bango, ta rufe kejin gaba ɗaya.

"Lahaula," in ji ƙawata. "Hajiya, ke ce shirwar! Sau biyu kullum kina kawo masa farmaki, sannan ki tsaya a kansa kina ɗaga hannuwa."

Nan take na tuna kajin mahaifiyata. In ta kaɗe zani za ta shanya, 'yan tsaki sukan watse su shige ƙarƙashin rumbu, uwarsu tana ƙyarƙyara. Na san wannan tun ban kai shiga makaranta ba. Amma tsoro ya hana ni duba ƙasa, sama kawai nake kallo.

Ƙawata ta so mu yi dariya, na ɗan taya ta. Sai dai ni ban samu sauƙin da ta zata ba. Na huta da tsoron abin ɓoye, amma wani ya maye gurbinsa: ashe mutum zai iya kashe abin da yake kula da shi, yana tsaka da ibada, bai sani ba. Me kuma nake yi masa yanzu wanda ban gane ba?

Daga ranar na canza. A sama nake saka hijabi, in sauko a hankali, in ja labule kafin in tsaya. Surukina ya matsar da kejin zuwa ɗaya bangon, bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Kukan ya tsaya. A hankali ya koma cin tuffa, ya koma tayarsa, har ƙararta ta zame mini abokiyar hira. Gashin wutsiya ya fito. Wata safiya na miƙa gyaɗa ta tsakanin ƙarfen kejin, ya zo ya dafa yatsana da hannuwansa biyu, masu sanyi, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ya karɓa. Na daɗe a tsugune ban motsa ba.

Na ƙara gane wasu abubuwa nasa. In ya tsaya da ƙafa biyu yana kaɗa wutsiya a hankali, bai yarda da abin da ya ji ba. In yana wanke fuska da hannu biyu, hankalinsa a kwance yake. Yana da wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa da yake yi in ya ga na ɗauko buhun abinci, wanda tsohuwar ba ta koya mini ba. Ban san ma'anarsa ba, ba kuma zan ce murna ce ba tunda ban tabbatar ba.

Da ganyaye suka fara ja suna zubewa, sai halinsa ya juya. Duk abin da na zuba ba ya ci a wurin, sai ya cika kumatu ya kai akwati, ya dawo, ya sake. Ya yayyage takardar da nake shimfiɗa masa ya tura ciki. Ran nan na sa hannu zan gyara kwanon ruwa kusa da akwatin, ya zabura ya cije ni a babban yatsa har jini. 'Yata ta wanke ta saka magani tana faɗa.

"Umma, kin ga abin da nake gudu? Gobe sai mu ji ya cinye ki."

"Ni na taɓa masa rumbu," na ce. "Ke ma in aka taɓa miki firji ai cizo kike yi."

A cikin wannan lokacin muka je duba tsohuwar. Ta rame ƙwarai, tana zaune a keken guragu kusa da taga. Ba ta gane 'yata ba, ta ɗauka ma'aikaciya ce. Ni kuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta kama hannuna ta faɗi wata magana. 'Yata ta ce tambaya take, yana cin abinci? Na ce a gaya mata yana ci, ya yi ƙiba. Ta saki ajiyar zuciya ta rufe ido. Ma'aikaciyar wurin ta gaya wa 'yata cewa abubuwa da yawa sun ɓace mata, har sunan ɗanta wani lokaci, amma wannan tambayar kullum sai ta yi wa duk wanda ya shigo.

Sai sanyi ya sauka sosai. Ɗumin gidan ba ya isa ɗakin ƙasa yadda ya kamata, ni kaina da safa biyu nake zama. Kuregen ya fara rage fitowa. Yau ya fito da hantsi ya sha ruwa ya koma, gobe ko leƙowa babu. Sannan ya daina gaba ɗaya.

Na jira, na kasa jurewa. Wata rana da hantsi na ɗaga murfin akwatin a hankali. Yana tsakiyar tarin takardu da tsaba, ya dunƙule kamar curin fura, hancinsa a cikin ciki, wutsiya ta rufe kai. Na taɓa bayansa da ɗan yatsa. Sanyi ƙalau. Bai motsa ba. Na ce innalillahi, na zauna a ƙasa.

Mu ba ma barin mamaci ya jira. Ko dabba ce, ban iya barin gawa a ɗaki ba. Har na tashi na ɗauko wani farin ƙyalle mai tsabta, ina tunanin inda zan tona a bayan gida da ƙasa ta daskare haka, ina tunanin bakin da zan gaya wa matar nan. Na dawo zan ɗauke shi, na tsaya ina kallonsa don in samu ƙarfin hali. Sai na ga gefen cikinsa ya ɗaga, kaɗan, kamar ba a yi ba. Na ƙura ido har hawaye ya taru. Can bayan dogon lokaci ya sake ɗagawa.

Na ajiye ƙyallen. Har yanzu in na tuna saura ƙiris in binne shi da rai, sai in yi istigfari.

Da yamma surukina ya duba a wayarsa. Ya ce irinsu suna yin dogon barci lokacin sanyi, jikinsu ya huce, numfashi ya ragu, su riƙa farkawa jefi-jefi su ci abin da suka tara.

"To in bar shi?"

Ya sosa kai. "Hajiya, gaskiya maganar ta rabu. Wasu sun ce kada a taɓa shi sam, tashinsa da ƙarfi yana iya kashe shi. Wasu kuma sun ce na gida bai kamata a bar shi ya yi wannan barcin ba, wai wani ba ya tashi. A kai shi wuri mai ɗumi."

"Wanne ne gaskiya?"

"Allah ne masani. Ni ginin gada na karanta, ba dabbobi ba."

'Yata ta kira asibitin dabbobi na kusa da mu, suka ce su karnuka da kyanwoyi suke gani. Suka ba ta wani wurin mai nisa, can kuma suka ce sai an kawo shi sun duba, ba sa faɗin komai ta waya. To ɗaukarsa a mota, da jijjiga da ɗumin mota, ba shi ne tashin da aka ce kada a yi ba? Ɗan tsohuwar ya ce bai san komai a kai ba. Tsohuwar kuwa da aka tambaye ta ko ya taɓa yin haka a wurinta, sai ta yi murmushi ta ce, yana cin abinci? A falonta mai ɗumi yake da, ina jin bai taɓa yi ba. Ni na kai shi ɗakin sanyi.

Halin da nake ciki ke nan yau. Kullum da hantsi nakan sauka, in ɗaga murfin kaɗan, in tsaya har sai na ga cikin nan ya ɗaga. Wata rana yana daɗewa ƙwarai kafin ya ɗaga. Ina canza ruwan da ba a sha. Sau ɗaya na tarar da ɓawon tsaba sabo a bakin ramin, na ji daɗi, amma tun daga nan ban sake gani ba, kuma a idona kamar ya ƙanƙance. Ban sani ba ko buɗe murfin da nake yi ma cutarwa ce. In na bari ban duba ba, ba na iya cin abinci. Ƙarshen wata za mu koma wurin tsohuwar, kuma na san tambayar da ke jirana. Ba zan yi mata ƙarya ba.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman 'yan'uwanmu da ke Maryland da Virginia, ko likitan dabbobi, ko wanda ya taɓa riƙe irin wannan dabba, ko yake da maƙwabcin da ya taɓa. In bar shi a ɗakin ƙasa, ko in hau da shi sama? In za a ɗumama shi, a hankali ake yi ko yaya? Tsawon wane lokaci yake iya yi bai farka ya ci ba kafin a ce akwai matsala? Kuma ta yaya mutum zai bambance barcin da za a tashi da wanda ba za a tashi ba, tun kafin lokaci ya ƙure? Wanda ya sani, don Allah ya aiko da amsa ta hanyar da wannan ya same shi, za a kawo mini. In da Turanci ne ma ba komai, 'yata za ta karanta mini. Sai dai ina roƙo, wanda bai tabbatar ba ya ce bai tabbatar ba, don duk abin da aka gaya mini shi zan yi.